Karsanar Kawu

Mahaifin Innata Bature ne. Na fara da wannan don kada kowa ya sha wahalar raɗa, kamar yadda mutanen Yashe suka sha a bayanmu shekara da shekaru. Likitan dabbobi ne a zamanin mulkin Turawa, mazauninsa Kankiya, yana bin rugage yana yi wa shanu allurar bushiya. A wata ruga kusa da Yashe ya ga kakata. Aure aka ɗaura, da goro da shaidu, bayan ya yi kalmar shahada a gaban malamai. Ko har zuci ne, ko don a ba shi mata ne, Allah masani. Ranar sunan Inna ya ba jaririya karsana kamar yadda Fulani suke yi, kuma duk shanun da na buɗe ido na gani a garkenmu jikokin wannan karsana ne.

Mutum ne mai son zancen asali. Kakata ta ce in ya zauna da yamma sai ya yi ta jero mata dangi. Kakanninsa daga Ingila suka tsallaka Ailan, suka mallake ƙasar mutane, aka naɗa su sarauta. Wane ya auri 'yar wane, gwaggonsa tana gidan wani basarake, wani kawunsa ya mutu a wurin yaƙi. A Ingila ana ce musu 'yan Ailan, a Ailan ana ce musu baƙi. Kakata ba ta san ko ina Ailan take ba, amma ta haddace dangin nan kaf ta koya wa Inna, domin a wurinmu ɗan da bai san danginsa ba abin tausayi ne.

A wani hutu da ya je gida ya auri Baturiya, ta haifa masa ɗa namiji, bai kuwa ɓoye ba. Gab da samun 'yancin kai wansa ya mutu bai bar magaji ba, sarautar gidan ta faɗo kansa. Ya ɗaure kaya ya ce zai aiko. Ko gaisuwa bai aiko ba.

Ina kwalejin horon malamai, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ana ta shimfiɗa kwalta, na zo hutu sai tsohon kukun Baturen ya iso gidanmu a kan keke. Ya ce ɗan likitan shanu ya sauka a gidan baƙi na Kankiya. Uban ya mutu, ɗan ya gaji sarauta, ya zo ganin wuraren da mahaifinsa ya zauna.

Inna ta shiga ɗaka ta yi kukanta. Da ta fito sai ta nufi garke ta nuna karsanar da ta fi kowace kyau.

Na ce, "Inna, mutanen da ko wasiƙa ba su taɓa aiko miki ba?"

Ta ce, "Ke, shanun ga na ubanmu ne, ni da shi. Na sha nono shekara nawa, shi ko ludayi bai sha ba. In ci rabon ƙanena?"

Babana ya kora karsanar tun jajibere. Mu kuma muka bi motar kasuwa daga Kusada, Inna ta rungume ƙwaryar fura da nono a cinya don kada gargada ta zubar.

Da muka isa na ga ɗan Baturen, gabana ya faɗi. Goshin Inna ne, kunnuwan Inna ne, har yadda take karkata kai in tana sauraro. Kuku ya ce tun safe suke neman inda aka binne dokin marigayi. Baƙon ya san sunan dokin, ya san uban dokin da uwar dokin.

Inna ta durƙusa ta ajiye ƙwarya, ta ce mini, "Hwaɗa mashi ni yayarshi ce. Hwaɗa mashi Allah shi ba mu haƙurin rashin tsoho."

Na faɗa masa da Turanci, ban rage komai ba. Sai ta shiga jero dangi kamar yadda aka koya mata, tana tambayar ko gwaggo tana da rai, ko 'ya'yan wanda ya mutu a yaƙi sun girma. Sunayen sun lanƙwashe a bakinta, amma ya gane su. Na ga ya gane, don kunnuwan nan sun yi ja.

Abin da ya tambaye ni shi ne, me take so?

Na ce ba ta son komai, rabonka ta kawo maka. Ya dubi karsanar, ya ce shi dai a gidansu ɗa ɗaya aka sani, in kuma akwai wata magana ta gado, akwai lauyan gidan. Bai ɗaga murya ba. Cikin ladabi ya faɗa, har da murmushi, kuma wannan ladabin ne yake ƙona mini rai har gobe. Da zagi ya yi, da na sami abin ramawa. Mutumin da ya ƙetaro teku don kabarin doki, ga jininsa a durƙushe a gabansa, lauya ya tuna!

Sannan ya ce ko za ta yarda ya ɗauke ta hoto da ƙwaryar a ka, kusa da saniyar. Na so in ƙi fassarawa, amma Inna ta ga na'urar ta gane. Ta gyara mayafi ta tsaya cak, a zatonta dangi zai kai wa su gan ta. Yana gamawa ya sa hannu a aljihu.

Inna ta ce, "Hwaɗa mashi ba a saida ma ɗan'uwa nono." Ta bar masa ƙwaryar a nan, muka juya.

Karsanar ta dawo Yashe, mu yara muka sa mata suna karsanar Kawu. Da gatse muka sa, Inna kuwa ta karɓa da gaske. Ta hana a sayar da ita, ta hana a taɓa 'ya'yanta. Shekarar da ruwa ya ƙi, muka sayar da namu ɗaya bayan ɗaya don mu sayi hatsi, na Kawu suna tsaye ana saya musu dusa. Na yi faɗa har na gaji.

A ciwon ajalinta ta riƙe hannuna ta ce, "In ya zo ki ba shi abinshi. Kuma kada ki yi mashi hwaɗa, maraya ne, bai da kowa sai mu."

Shanun suna nan, sun yi yawa, jikokina ke kiwon su. Duk ranar da ya zo, ko ɗansa, zan ba shi abinsa har da igiya. Faɗan ne ban yi mata alkawari ba.