Tef ɗin Gwaggo

Gwaggona tela ce, kuma da baki take rabin aikinta. Da shi take riƙe fil, da shi take yanke zare, da shi take gaya wa mai kaya abin da madubi ya ji nauyin faɗa. "Ba rigar ce ta matse ba, 'yar nan, ke ce kika ƙaru." Mijinta, mai gyaran agogo, ya shekara talatin yana neman inda zai cusa kalma ɗaya a gidan, bai samu ba.

Sai muƙamuƙinta ya fara ƙara in tana tauna, daga baya ya riƙe. Likita ya ce wata cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin gaɓar muƙamuƙin. Gwaggo ta ce ba abin mamaki ba ne, dangi ma haka suke yi.

Kullum da safe sai ta ɗauki tef ɗinta ta auna bakin a madubin shago, ta rubuta da alli a bango. Daga inci ɗaya da rabi ya koma ɗaya, ya koma rabi. Cokali ya daina shiga, magana ta koma gunguni. Muna tsokanar mijin cewa addu'arsa ce ta ci, yana murmushi, amma tausayi ya ba ni, don ya fi ta ramewa.

Tiyatar da likita ya ce a yi mata kuwa, Gwaggo ta ƙi ƙememe, wai ba za ta miƙa fuskarta ga wanda ba ta taɓa ganin ɗinkinsa ba. Sai mijin ya ɗauki ƙyalle da allura ya tafi asibiti.

"Likita, don Allah ka ɗinka mata wannan ta gani. Gidan ya yi mini shiru."

Likitan ya ɗinka. Gwaggo ta juya ƙyallen, ta ja, ta ɗaga shi a haske, sannan ta rubuta a takarda: "Ba laifi. Amma ya rage gaggawa."

Aka sa mata gaɓar ƙarfe. Bayan makonni tef ya nuna inci ɗaya da kwata. Ta juyo ta ƙare wa mijin kallo, ga wando yana zame masa a ƙugu.

"Malam, ba wandon ne ya buɗe ba, kai ne ka ƙare. Kawo in rage maka."

Ya buɗe baki zai amsa, kuka ya riga shi. Ko a ranar ma bai samu ya ce komai ba.