Inda Sauran Injin Baba Ya Tafi

Konni, da asuba

Warin fetur ne ya tashe ni a ranar, tun kafin ladan. Mutane wari suke ce masa, ni kuwa tun ina ƙarama ƙamshin rigar Baba ne. Na leƙa tsakar gida na tarar da yayana Sani, wanda bakanike ne, yana naɗe kafiretar motar Baba da delkonta a cikin buhu. Kafireta ke gauraya wa inji mai da iska, delko kuma ya raba wa buji, wato fulogi, wuta. Iyakar sanina ke nan a lokacin.

Baba ya tsufa a kan motar nan, wata bashe, wato akori-kura mai tanti a baya. A bazarar shekarar ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya naɗe masa harshe. Da likita ya ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ƙauyensu, ɗakin da aka haife shi, kuma a cikin motarsa. An kawo motar haya har ƙofar gida, ya juya fuskarsa bango. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma ruwan farko na sauka, ƙorama za ta raba ƙauyen da titi.

Mota kuwa ta ƙi tashi. Kafiretarta ta tsage, delkon ya cinye. Sani ya sayo wasu a hayin iyaka bisa shekarar da aka ƙera motar, amma kafiretar ba ta zauna a bakin inji ba, da ya tilasta mata kuma sai inji ya yi ta tari yana harbi. A nan ya gane injin ba haihuwar shekara ɗaya ba ne. Gindinsa tsoho ne, kansa na wata mota ce da ta zo daga baya. Kunnen Baba ne kawai ke sasanta su duk shekarun nan.

Ni ke jinyar Baba, ni kaɗai nake gane maganarsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwa yake ce mini, abokansa ma haka. Da na tambaye shi inda kan injin ya fito, ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Watanda. Ɗanjimma, Malbaza." Inna ta ce in bi Sani, don tsofaffin direbobi ba sa iya hana uwar abokinsu abu.

Bayan sallah muka shiga ƙaramar bas a tasha. A shingen fita gari wani jandarma ya duba katinmu, ya taɓa buhun da ƙafa.

"Mi ke ciki?"

"Maras lahiya ne, za mu nema mashi dangi," in ji Sani.

Ya buɗe, ya gani, ya yi murmushi ya ce Allah shi ba da lafiya. Na amsa da amin, amma ba buhun nake nufi ba.

Malbaza

Hantsi ya yi muka hango dogon bututun masana'antar siminti. Ba mu sha wahalar neman Alhaji Ɗanjimma ba, yana ƙarƙashin wani dogon yaro a bakin titi, tsofaffin tayoyi jibge a gefensa. Da Sani ya faɗi sunan Baba, tsohon ya dube ni, ya cire hula ya rusuna.

"Uwa, ke da kanki? Ai da kin aiko an kira ni."

Ya sa aka kawo mana koko da ƙosai. Da ya ji halin da Baba ke ciki ya murza carbi, sannan ya ba mu labarin watandar. Yadda ake haɗa hannu gab da salla a sayi sa, a yanka a kasa shi kashi-kashi, haka su uku suka yi da wata mota da ta faɗi, tun ba a haife mu ba.

"Munka kwance ta duka, munka kasa kashi ukku bisa tabarma, anka jehwa kara. Ubanku ya samu kan inji, ni giya da ƙahwahu, Idi ya samu maƙogwaro da wuta, wato kahireta da delko."

Sani ya dafe kai. "Haba Baba Alhaji! Mi ya sa ba ku bar kai da maƙogwaronshi ba?"

"Kai yaro, wa ka taɓa gani ya kwashi kai da wuya shi ɗai ga watanda? Kashi sai ya yi daidai, ko naman bai dahu ba."

Shi ya fara dariya, shi ya fara share ido. Ya ce Idi ya daɗe da barin tuƙi, yana lambu a fadamar bayan Illela, wadda ke ta wajen Tawa. Ko kasonsa na nan, Allah ne masani.

Badagishiri

Muka komo Tsernawa, inda hanyar Tawa ta rabu. Rana ta take, buhunan albasa sun yi sahu a bakin titi kamar masu jiran liman. Sai bayan azahar motar da muka shiga ta cika. Na zauna jikin taga ina kallon gonaki da aka share, ƙasa ta yi ja, kowa ido na sama. Duk ƙasar nan ruwa take roƙo, ni kaɗai nake roƙon ya dakata. Na ji nauyin hakan har na rufe ido.

Da la'asar muka gangara kwarin Badagishiri, muka sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Ta ba mu tuwon gero da miyar kuka, ba ta tambaye mu komai ba sai da muka ci. Na kira Inna a waya. Ta ce Baba bai sha kununsa ba, kuma duk motar da ta wuce sai ya buɗe ido, ya saurara, ya rufe. Da magariba aka yi walƙiya can nesa. Gwaggo ta ce ba namu ba ne tukuna. Muryarta ba ta yi kama da ta wadda ta tabbata ba.

Illela

Da sassafe muka hau baburan kabu-kabu biyu. Muka ratsa garin Illela, muka bi wata hanyar yashi har fadama. Kafin mu ga lambuna wani sauti ya riske ni daga bayan shingen ƙaya, bugun inji mai nauyi, a natse. Na kasa kunne, don da irin muryar nan motar Baba ke shigowa unguwarmu. Na ce wa raina kewa ce.

Baba Idi ɗan siriri ne, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa duk laka. Shi ma ya rusuna mini. Na tambaye shi wane inji ne wannan, ya ce na ban ruwa ne, na wani maƙwabci. Sani ya buɗe buhu ya yi bayani. Tsohon ya juya tsagaggiyar kafiretar a hannunsa, ya daɗe yana kallon wurin da Baba ya goge da hannu don ta zauna.

"Shina iya magana?"

"Kaɗan, Baba. Ni nake ji."

"Kuma ya ce sai motatai." Ya gyaɗa kai. "Haka yake tun muna karen mota. Uwa, tahi gida ki sha hura, kayan na cikin tarkace, sai na tona. Kai bakanike, biyo ni."

Na zauna da matarsa a inuwar zaure, ta dama mini fura. Ban san sa'ad da bugun injin ya tsaya ba. Na dai lura fadamar ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya, na ɗauka hutun rana ne.

Suka dawo da buhu a hannun Sani, idanunsa sun yi ja. Na yi zancen biya, Baba Idi ya ɓata fuska.

"Kason watanda ne, ba haja ba. Ki ce ma ɗanki ni Idi ina gaishe shi, ki ce na maido mashi wuyan da kara ya ba ni."

A kan babur na ɗora buhun a cinyata. Da ɗumi, kuma yana ƙamshin fetur sabo. Na yi mamakin yadda ƙarfe ke riƙe ƙamshi shekara da shekaru a cikin tarkace.

Komawa

Muka iso Konni da almuru. Washegari Sani ya duƙufa. Kafiretar ta zauna a bakin inji ba gardama, kamar jiya aka raba su. Delkon ne ya ƙi shiga, don ƙafarsa ta sabon zamani ce, ramin kuma na tsohon gindi. Sai ya cire ƙafar tsohon delkon Baba ya dasa wa na Baba Idi, ya haɗa siririn tiyon da ke zuwa daga kafireta.

Muka fito da Baba ƙofar ɗaki a kan katifa. Sani ya murza makulli, inji ya kama, yana ɗan ƙwanƙwasa. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, leɓɓansa na motsi. Na kai kunne.

"Yaya, ya ce ka mai da wutar baya kaɗan."

Sani ya juya delkon a hankali. Hannun Baba na sama, sai can ya sauke shi a kan ƙirjinsa. Muryar motar ta dawo. Na isar masa da saƙon Baba Idi, hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

A ranar muka shimfiɗa shi a bayan motar, kansa a cinyar Inna. Sani ya ja a hankali. Muka tsallake ƙorama tana busasshiya, muka shiga ƙauye mutane na fitowa tun kafin su gan mu, don sun gane sautin. Washegari aka yi ruwan farko. Baba ya ji ƙamshin ƙasar garinsu, ya yi 'yan kwanaki a ɗakin mahaifiyarsa, ya cika da hantsin wata Juma'a. Allah ya jiƙansa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya komo da mu, ya saka wa Alhaji Ɗanjimma da Gwaggo Hajo da duk direban da ya ɗauke mu.

Sai bayan shekaru, ranar da aka aiko mana da rasuwar Baba Idi, Sani ya gaya mini abin da tsohon ya rantsar da shi kada ya faɗa. Babu wani maƙwabci. Injin da na ji a fadama nasa ne, shi ke jawo ruwan lambunsa, kuma da hannunsa ya kashe shi ya kwance kayan suna da zafi. Damina ta makara a wajen Illela a shekarar, barkononsa da dashen mangwaronsa suka bushe. Da Sani ya mai da masa kayan bayan arba'in, ya ƙi karɓa. Ya ce ba a raba kai da wuya sau biyu.