Maccido Mai Kayan Inji Zai Ajiye Makulli

Da an idar da sallar asuba, Malam Maccido kan sha kununsa, ya tura tsohon kekensa zuwa kasuwar Goronyo. Rumfarsa ba ta fi ɗakin girki ba, amma da wuya injin ban-ruwa ya nemi abu a rasa: fulogi, fanka, tiyo, igiyar tayarwa, da ƙananan robobi cike da gwangwanayen madara. Shekara ashirin da shida ke nan. A ƙarshen watan nan zai miƙa wa ƙanensa Zaharaddeen rumfar, domin ido ya fara gajiya, kuma bai yarda ya miƙa wa mutum abin da bai gani da kyau ba.

Mai sayar da inji rana ɗaya yake sallamar ka. Wanda za ka zauna da shi shekara da shekaru shi ne mai kayan gyara, mu kuwa Allah ya haɗa mu da na kirki.

Idan manomi ya zo a rikice, Maccido ba ya taɓa komai sai ya ce, "Yi mani kukan nashi in ji." Sai ka ga dattijo mai furfura a tsakiyar kasuwa yana tari yana gurnani irin na inji, 'yan rumfa suna dariya. Shi kuwa ya karkata kunne, ya ce, "Wanga ba babban ciwo ba na. Roba ce tac cinye." Ya hana ka sayen babban abu, ya ba ka ƙaramin da kake bukata.

Ranin bara waccan, Zayyanu, wani manomi daga Shinaka, ya iso da fasasshiyar fankar injinsa a aljihu. Albasarsa ta fara yin kai, kwana uku ba ruwa, injin kuma tsohon yayi ne da aka daina kawo kayansa. Maccido ya zazzage gwangwanaye, ya buga waya Sakkwato, babu. Ya ce masa ya dawo bayan azahar. Maccido ya hau keke ya nufi lambunsa, inda yake da inji irin wannan, ya kwance fankar don ya ba Zayyanu.

Matarsa Asabe ta tarar da shi. "Malam, mi kaka yi? Tamu albasar fa?"

"Tamu bakin gulbi take, Asabe. Guga na isa. Tashi ko, in an kwana biyu, ta tahi."

Kwana biyu suna jan guga, suna yi wa juna tsiya kan wanda bayansa zai fara sarewa. A rana ta uku maƙwabta suka gane, suka riƙa kawo injinansu bi da bi har sabuwar fanka ta iso daga Kano. Zayyanu bai san komai ba sai bayan an cire albasa. Ya zo rumfar yin godiya, ya zauna ya riƙe hannun tsohon.

Kai ne, Maccido, wanda bai taɓa sa jabu a kwalin na ƙwarai ba. Kai ne mai kunnen da ya rayar da fadamu daga Goronyo har Wurno. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa ido haske.

Ku kuma masu rumfuna, in manomi ya tsaya gabanku da karyayyen ƙarfe a hannu, ku tuna abincin gidansa ne ya kawo muku. Ku duba shi yadda Maccido zai duba.