Matar da Ta Manta da Iska

Shekara goma sha ɗaya Dakta Suraya Halim ta yi a wata jami'a a Penang ta ƙasar Malesiya tana koya wa kwamfuta yadda ruwa ke zuba. Masu finafinan zane su kawo labari, ita ta kawo lissafin da zai sa kogi ya gudana a allo kamar gaske. Ta yi ambaliya, ta yi igiyar teku, amma shayin madara na bakin titi, wanda ake ja daga kofi zuwa kofi, shi ya gagare ta. Zai zuba tsaf, ba kumfa ko ɗigo. Sau biyu babban taron masanan fannin ya maido mata da takardarta. Shugaban sashe ya ce in aka yi na uku, zai rufe ɗakin bincikenta. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Saura kwana tara a rufe karɓar takardu, ta rungumi kwamfutar ta nufi rumfar Kawu Sikkandar mai shayi, inda take karyawa tun tana ɗaliba. Ta nuna masa.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Dakta, a duniyar wata aka zuba wannan? Ko kyauta ba mai sha."

"Kawu, bar tsiya, ina matsalar?"

"Ke da digiri uku! Shayi ai da kansa yake sauka. Ni iska nake cusa masa." Ya ɗaga hannu sama, ya saki, kofin ƙasa ya tumbatsa da kumfa.

Suraya ta zabura har kujera ta faɗi. Iska! A sana'arsu, don kada lissafi ya yi wa na'ura nauyi, tun ranar farko ake koya wa kowa ya ɗauki iska tamkar babu ita. Ta saba da hakan har ta manta cewa ta cire wani abu.

"Shayinki fa?"

"Shanye, Kawu, na ba ka!"

Ta maido da iska cikin lissafin, kwana shida na'urorin ɗakin bincikenta suna nishi. A na bakwai da hantsi kumfa ta taso a allo, ta hau bakin kofi, ta gangaro. Abin nema ya samu! Ihun da ta yi sai da mai gadi ya leƙo.

Ta aika da takardar, bayan wata uku amsa ta zo: an karɓa. Ta buga wasiƙar, ta faɗa ofishin shugaban sashe, murna ta hana ta ko gaisuwa, ta ajiye masa a kan tebur.

"Farfesa, ɗakin nan fa ƙarin na'ura biyu yake so."