Lami da Kututturen Tafki

Ƙaurin bandar kifi ne ke fara zuwa mini duk lokacin da na tuna gidanmu na bakin tafki, kusa da Wara. Hayaƙin yakan shiga zani, ya shiga kitso, har ranar Lahadi in mun zauna a majami'a ƙamshin tarwaɗa ne ke tashi daga jikinmu. Da rana ta faɗi, Kaka, mahaifiyar Baba, takan zauna gaban murhun banda tana juya kifi da hannu, sai ka ce wuta ba ta san yatsunta ba. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na jiran kan kifin da zai karye.

Takan fara da gajeriyar addu'a da Kambarci, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe cikin kwalekwale."

Mu amsa, "Ta iso gaɓa mu ji ta!"

Tatsuniyoyinta duk wuri guda suke ɓullewa: doka ta biyar cikin Dokoki Goma, wadda aka koya mana a makarantar Lahadi, cewa a girmama uwa da uba, mai yin haka kuma zai yi tsawon rai. Malaminmu alkawarin yake nanatawa. Kaka kuwa abin da ke samun wanda ya ƙi ne ya fi mata daɗin faɗa.

A damanar da nake magana, akwai wadda ake yi wa tatsuniyar: ƙanwata Lami, yarinya mai wushirya da sanyin hali. Laifinta ɗaya ne. In tana kallonka ka aike ta, da gudu za ta tafi. In ta ba ka baya, sai ka yi ta kira har muryarka ta dushe. Inna ta ce raini ne. Wata rana wuta ta kama kifin da ke kan banda, Inna na ihu a kawo ruwa, Lami na zaune kusa da randa tana ɓarar gyaɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Kifin ya zama gawayi. Baba ya zane ta da igiyar taru har bayanta ya yi ruɗu-ruɗu. Kaka ta yanke magana: in ta sake, za a kai ta Shanga wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba ta san lallashi ba.

A yammacin nan Kaka ta gyara zama ta ce, "Wata ɗiya ce, mai wushirya."

"Kaka, irin ta Lami?" in ji Bitrus, ɗan ƙanen Baba.

"Ni na ce Lami? Rufe bakinka, sai ka ce na kifin ƙarfasa."

Muka kwashe da dariya. Ta ci gaba. Yarinyar tana wanka a bakin ruwa, uwarta na kiranta daga tudu, ta ji sarai amma ta ƙi waiwayowa. Uwar ta kira da lallashi, ta kira da kuka. Da ta gaji sai ta ce, "Tunda ba ki juyowa, Ubangiji ya bar ki haka nan." Nan take ƙafafun yarinyar suka nutse cikin laka suka yi saiwa, hannuwanta suka bushe, ruwa ya taso ya kewaye ta. Ta zama ɗaya daga cikin busassun itatuwan nan da ke tsaye a tsakiyar tafki. Tsuntsaye na yi mata kashi a kai, masunta na sarar jikinta su hura wuta. Kullum da safe uwar kan zo da kwalekwale tana kiran sunanta, ta ɗaure igiya a wuyan kututturen ba tare da ta san ɗiyarta ce ba. Yarinyar na son ta ce "Na'am, Inna," amma babu baki.

"Ƙurunƙus, kan tarwaɗa," in ji Kaka.

Duk muka juya ga Lami. Tana zaune gaba da kowa, idonta a kan bakin Kaka, tana murmushi.

"Ku dube ta!" Kaka ta ce. "Ana faɗin ƙarshenta tana washe haƙora. Wagga ɗiya, zuciyarta dutse ce."

Washegari yaran unguwa suka soma kiranta Kututture. Ni kuwa yarinyar cikin tatsuniya nake yi wa kuka. In mun wuce itatuwan a kwalekwale, nakan gaishe su a zuci, in ce ko ɗayansu na saurare.

Ba a daɗe ba, wata Lahadi bayan sujada, Baba ya kira Lami a gaban fasto da dattawa. Tana gabansa kaɗan, ta ci gaba da tafiyarta. Wani dattijo ya ce, "Yakubu, wanda bai iya da gidansa ba, yaya zai iya da majami'a?" Baba bai ci abinci ba ranar. Ranar kasuwa aka ɗaure mata kayanta cikin zani, aka sa ta a jirgin ruwa. Na tsaya a gaɓa ina ƙwala mata kira har jirgin ya yi nisa. Ba ta waiwayo ba. Har ni sai da na ji haushinta.

Yanzu ni ma ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma dokar nan ina ƙaunarta. Na ga gidajen da ta riƙe, na ga tsofaffin da ta hana su wulaƙanta. Amma duk sanda na zo kanta nakan ɗan tsaya. A gidanmu mun iya ta kamar sunanmu, sai dai a hannunmu bulala ta zama. An yi ta tambayar abin da ke zuciyar yarinya, babu wanda ya durƙusa ya dubi yarinyar kanta.

Lami ba ta sake zama gidanmu ba. A Shanga ta girma, can ta yi aure, ba ta zo jana'izar Kaka ba don tana da tsohon ciki. Sai da ta je asibiti a Yauri da jaririnta wata ma'aikaciya ta lura da yadda take bin bakin mutane da ido, ta sa aka duba ta. Kunnen hagu a mace yake, na dama saura kaɗan, tun wani zazzaɓi mai zafi da ta yi tana ƙarama.

Da na ziyarce ta, na zauna daf da ita, na tambaye ta da ƙarfi wace tatsuniyar Kaka ta fi tunawa.

"Tatsuniya?" ta ce. "Yaya, ni ai na ɗauka addu'a take yi mana."