Hasken da Dalhatu Bai Gama Aunawa Ba

Dalhatu ɗan Malam Gidaɗo ne, mai makarantar allo a Bukkuyum. Shi kaɗai ya zarce da boko a gidansu, har karatun kimiyya ya kai shi wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Aikinsa a can shi ne harba ƙwayoyin zarra masu caji da mugun gudu, su ratsa wani fallen gawayi da ko bawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Idan ƙwayar ta ɓulla ɗaya gefen, sai lantarkin jikinta ya haye matakan kuzari na sama, yana saukowa yana fitar da haske. Abin da ya hana Dalhatu sakat shi ne me ya sa wasu matakan ke cika fiye da wasu.

Yana tsakiyar wannan awon, a daminar 1998, Malam ya rasu. Ya zo gida da niyyar komawa bayan sadakar arba'in, ya tarar yanar ido ta rufe ganin Inna mahaifiyarsa, ga ƙannensa mata uku ba mai tsaya musu. Ya ɗage tafiya, ya sake ɗagewa, har aka ba wani gurbinsa.

Ya kama koyar da kimiyya a wata sakandare a Gummi, inda ko ɗakin gwaji babu. Yakan barbaɗa gishiri a wutar risho, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa, ya ce wa ɗalibai ga lantarki nan yana saukowa daga matakinsa. Kullum a ransa yana cewa baɗi zai koma.

Da wayar hannu ta iso yankin, ya nemo lambar wani tsohon abokin aikinsa, ya kira shi daga tsakar gida. Abokin ya ce an kwance injin harba ƙwayoyin tuntuni, awon kuma ba wanda ya ƙarasa shi.

Inna tana zaune kan tabarma, ta ji muryarsa ta sauya.

"Mi anka ce maka?"

"Sun kwance injin, Inna."

Ta ce, "Ni na tsare ka."

"Ba ke ba ta, Inna. Haka Allah Ya so."

Ba ta yarda ba, shi ma bai matsa ba. Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Da aka dawo hutu ya nemi a raba shi da kimiyya a mayar da shi koyar da lissafi, shugaban makarantar kuwa ya amince nan take, don dama ba su da malamin.