Ranar da Aka Kwance wa Maigidana Hannu

Har in koma ga Allah ba zan manta da Lahadin da yayan maigidana ya zo daga Danko ya tarar da ƙaninsa da hannu a ɗaure ba.

Maigidan nawa tsohon soja ne. Bayan ya yi ritaya mun dawo Zuru, hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya shanye. A asibiti a Sakkwato, likitar gashin ƙashi ta zaunar da ni ta ce wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa ya mutu, amma masu bincike sun gano cewa sauran na iya koyon aikin wanda ya mutu, muddin aka tilasta wa hannun motsi tun da wuri. Ta ba ni wata safa mai kauri, ta ce in riƙa rufe masa hannun hagu mai lafiya da ita lokacin cin abinci. Maɗaurinta mai mannewa ne, wai daga yadda ƙaya irin ta ƙarangiya ke kama tufafi aka kwaikwayo shi.

Ban taɓa yin aiki mai ciwo kamar wannan ba. Ina kallo cokali ya kuɓuce masa, kunu ya ɓata masa riga, in shiga ɗaki in yi kuka in yi addu'a, in fito in sake miƙa masa. A hankali babban yatsa da manuni suka fara haɗuwa. Har ya kai ga ɗaukar gyaɗa.

Ranar mun dawo daga coci ke nan, maigida yana tsakar gida yana fama da lomar tuwo, Yaya ya yi sallama. Ya tsaya ya kalli miyar da ta zubo wa ƙaninsa a ƙirji, sannan ya kalle ni.

"Mutumin da ya yi shekaru yana noman golmo a gonar ubanki kafin a ba shi ke, shi kika ɗaure kamar akuya?"

Na durƙusa na yi masa bayanin likita. Ya ce a gidansu ba a barin babba ya wahala da abinci alhali matarsa na zaune da hannu biyu. Ya fizge safar ya jefar, ya tambayi ƙaninsa ko zai bi shi gida. Na zuba wa maigida ido ina jira ya kare ni. Ya sunkuyar da kai.

"Na gaji, Maman yara. Bari in je in huta."

A Danko sun nuna masa ƙauna, ba zan yi musu ƙarya ba. Suna ba shi abinci a baki, suna yi masa wanka, ko moɗa ba a bari ya ɗaga. Sai bayan girbi aka maido mini da shi, ya yi ƙiba, hannun kuwa ya naɗe a ƙirji, yatsun sun dunƙule. Likitar ta daɗe tana ƙoƙarin buɗe su, daga baya ta ce za mu ci gaba da gwadawa, amma kada in sa rai da yawa. Har yau ni nake ɓalla masa maɓallin riga.

Ban riƙe Yaya a zuciya ba, da tausayi ya zo. Amma na koyi cewa wani tausayin yakan nakasa mutum, kuma wani lokaci mai ƙaunarka shi ne wanda zai iya tsayawa yana kallonka kana wahala, bai karɓe maka cokalin ba.